Hadarin da Ya Taso Daga Yamma

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Kano kafin in zo Dubai, kuma cikin darussan da na koyar babu wanda nake ji da shi kamar na yanayin bakin tafki. Nakan zana tafki a allo, in ja kibiya ta ratsa samansa, in ce wa yara wannan kibiyar iska ce. Idan iska ta bi ta kan ruwa mai faɗi sai ta kwashi danshi, tana isa tudu sai ta sauke shi. Shi ya sa gaɓar da iska ke sauka a kanta ta fi ɗaya gaɓar samun ruwan sama, a ƙasashen sanyi kuma ta fi samun dusar ƙanƙara. Yara su duƙufa su rubuta. Duk shekara sai an sami wanda zai ɗaga hannu ya tambayi yadda dusar ƙanƙara take, ni kuma in kwatanta masa da farin abin nan da ake kankarewa a jikin firji. Ban taɓa ganinta ba a lokacin, amma ban ga dalilin da zai sa aji ya san haka ba. Sai da na zo nan na gan ta, a cikin wani katafaren kanti, ta bayan gilashi, inji yana feso ta, yara suna zamiya a kai. Na tsaya na duba da kyau. Firji bai yi ƙarya ba.

Aikin da ya kawo ni ba koyarwa ba ne. Wani ofishin kago ne, na jigilar kaya, a unguwar Port Saeed ya ɗauke ni cike takardun kwantena, saboda rubutuna ba ya karkacewa kuma na san inda ƙasashe suke. 'Yan kasuwarmu da ke shiga ofishin suka ji tarihina, suka sa mini suna Malam Jogurafi, sunan ya bi ni har gida. Muna zaune ni da matata a hawa na bakwai a Al Nahda, ɗaki biyu da falo da wata 'yar baranda wadda in mutum biyu suka tsaya a kai sai ɗaya ya riƙe numfashi. Na sauka a farkon zafi, na yi wata tara ban ga ɗigon ruwa ya faɗo daga sama ba. Sai na yanke hukunci, irin na wanda ya saba ba a musa masa, cewa na gama karantar garin.

A watan sanyi surukata, mahaifiyar matata, ta zo ganin likitan gwiwa. Hajiya nake ce mata. Mutuniyar bakin Tafkin Chadi ce, can aka haife ta, can ta yi aure, can ta yi shekaru tana shanyar kifi kafin zaman garin ya gagara su dawo Kano. Matata ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kiran sunanta, sai dai "ke" ko "ita wannan". Ni kuwa suruki ne, ba ta yi mini magana kai tsaye in ba gaisuwa ba. Muna zaune a falo ɗaya, tsakaninmu bai fi taku uku ba, za ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ki ce wa Malam an gode da lemo." Ni ma in dubi matata in ce, "Ki ce wa Hajiya ba komai." Matata ta ce ita a gidan nan aikin waya take yi, kuma ba a sa mata kati.

Hajiya ta zo da akwati ɗaya da wata gafaka ta jar fata wadda ba ta yarda aka sa a cikin kaya ba, a cinyarta ta shigo jirgi. Alƙur'ani ne da marigayi mijinta, alaramma, ya rubuta da ka. Ranar da suka bar garinsu shi kaɗai ta ɗauko a kanta. Wanda bai taɓa ganin irinsa ba, ga yadda yake: ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne, ɗaruruwan takardu a jere, babu lambar shafi, sai kalmar farko ta warƙar gaba da ake rubutawa a kusurwar ƙasa. Tawadar kuma irin tamu ce ta gawayi da ƙaro, wadda ake wanke allo da ita a sha. An yi ta ne don ta bi ruwa. Ɗigo ɗaya ya isa ya mai da aya tabo.

Marigayin yana da al'ada, duk rani yakan fito da shi ya shanya a inuwa ya sha iska, kuma Hajiya ta riƙe al'adar. Bayan ta yi makonni a ɗakin da na'urar sanyi ba ta hutawa, sai ta buɗe gafakar ta ji takardun suna warin danshi. Aka aiko mini ta waya cewa ana so a shanya. Na ce ranar Asabar, tunda ina gida. Ranar ce kuma za mu kai ta asibiti da hantsi, sai mu shanya da safe, mu dawo da azahar mu kwashe.

Da safiyar muka yi alwala muka hau aiki. Hajiya ta raba shi izu-izu, tari sittin, muka jera a kan manyan tire huɗu da teburin guga, muka danne kowane tari da kofin shayi ko cokali. Kofunan gidan suka ƙare, har murfin tukunya ya shiga hidima. Muna cikin haka na ga Hajiya ta tsaya a bakin baranda, ta ɗaga kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Can ƙasa-ƙasa ta yamma, bayan dogayen gine-gine, akwai wani duhu-duhu.

"Ke," in ji ta, "tambayi Malam, anya yau?"

Matata ta duba wayarta. "Malam, waya ma fa ta sa hoton gajimare da ɗigo-ɗigo."

A nan ne na gyara tsayuwa. Duk wanda ya taɓa zama a ajina ya san wannan tsayuwar.

"Wayar nan sau nawa ta sa wannan hoton ba a yi komai ba? Ki ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Na farko, watan Janairu muke. Wa ya taɓa jin an yi ruwa a Janairu? Na biyu, dubi inda hadarin yake. Yamma. Tun muna yara, hadari daga gabas yake tasowa. In ka gan shi a yamma, ya riga ya wuce ka, na wasu ne. Na uku, hamada muke."

"To, ji fa, Iya," in ji matata. "Har na uku."

Hajiya ta ce, "Malam ya fi mu sani." Ta gyara mayafinta.

Ko kusa ban ji komai a cikin maganar ba sai yabo.

Mun shirya za mu fita, har na kira lif, sai Hajiya ta ce a gaya mini alwalarta ta karye, kuma tana so ta yi walaha kafin ta fita, mu sauka ta same mu. Matata ta ce za ta jira ta. Ta ce a'a, ba ta son a tsaya mata a kai tana salla, ta san maɓallin da ake dannawa. Muka sauka muka zauna a mota. Minti goma, sha biyar, ashirin. Na dubi agogo sau uku, na ce a raina walahar yau raka'a nawa ce. Ta fito tana ɗingishi fiye da kullum, tana haki kaɗan, ta miƙa wa 'yarta makulli, ta shiga baya.

Asibitin yana wajen unguwar Karama. Likita ya duba gwiwa, ya ce ta ɗan kumbura, ya tambaya ko ta ɗauki abu mai nauyi. Matata ta fassara, Hajiya ta ce ita me za ta ɗauka a gidan da ba a barinta ko shara. Muna jiran magani wayata ta yi ƙara. Wani Alhaji ne ɗan kasuwar Kwari ta Kano, cikin masu turo atamfa ta ofishinmu, wanda da sassafe ya tambaye ni ko ya sa a rufe kayansa da ke bakin ruwa da tamfol, na karanta masa na farko da na biyu da na uku.

"Malam Jogurafi! Kana ina?"

"Asibiti, Alhaji. Lafiya?"

"Leƙa waje, habibi. Leƙa ka ga Janairunka."

Na matsa jikin taga. Sama ta yi baƙi ƙirin, itatuwan dabinon bakin titi sun sunkuya gefe guda.

"Kayan fa, Alhaji?"

"Khalas, an gama, na rufe tun ɗazu. Ai da ka ce ba za a yi ba na tabbatar za a yi. Wani ɗan Pakistan mai lodi ya ce mini a nan da sanyi ake ruwa, shi ko firamare bai gama ba. Yalla, sai ka zo ofis, akwai darasi."

Bai kashe wayar ba na ji tsawa. Sannan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

Na juya na dubi matata, ta dube ni. Idonta ya ciko. Hajiya tana zaune a kujera tana jan carbi, tana kallon wani allo da ke nuna lambar masu jiran magani.

Tafiyar da muka yi cikin rabin sa'a da safe, sai da ta ci mana kusan sa'a uku. Garin da aka gina da tunanin rana, in ruwa ya zo bai san inda zai sa shi ba. Kowane shataletale ya zama kududdufi. Hanyar Sharjah, wadda ko ranar lafiya sai an yi haƙuri da ita, ta tsaya cak. Waifar gilashin mota tana kai da kawowa ba ta share komai. Ga ruwan yana dukan motar a karkace, daga yamma, daidai fuskar barandarmu. Ba na ganin motar gabana sosai, amma a zuciyata ina ganin tire huɗu da teburin guga ƙarara. Ina ganin baƙin ruwa yana gangarowa daga takardun yana bin magudanar baranda. Ina ganin iska ta ture kofuna, warƙoƙi suna tashi daga hawa na bakwai suna sauka a kan motocin mutane. Shekarun da bawan Allah ya yi a duƙe da alƙalamin kara, abin da ya tsallake gudun hijira a kan tsohuwa, ya zo ya ƙare a hannun mai takardar digiri.

Matata ta matso ta yi ƙasa da murya. "Kada ka ce komai. Hawan jininta."

"Me zan ce?"

"Na farko, na biyu, na uku," ta ce, ta juya fuska wajen taga. Ban taɓa jin an ƙirga uku da ɗaci haka ba.

Muka zuba wa hanya ido, muna fatan tsufa ya sa ta manta. Na riƙa kutsawa tsakanin motoci, ina danna oda, abin da ban saba ba. Wani mai babbar mota ya sauke gilashi ya haɗe yatsunsa ya ce mini shwayya shwayya, wato a hankali. Daga baya sai muryar Hajiya ta fito, a natse.

"Ke, ki ce wa Malam ya tafi a hankali. Ba abin da ake wa sauri."

Na ji kamar an soka mini allura. Na ce a raina, ta tuna ke nan, ta kuma sallama. Wannan tawakkali ne irin na mutanen da suka riga suka rasa gida da gona. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ki ce wa Hajiya," na fara. Matata ta dungure ni da gwiwar hannu.

"Ruwan nan mai albarka ne," Hajiya ta ƙara, tana leƙen waje. "Ji ƙanshinsa. Rabona da irinsa tun gida."

Da muka iso, ruwa ya shiga ƙasan ginin, an kashe lif. Na bar su a kujerun ƙofar shiga na kama matakala. Mutumin da ya yi wata tara yana zaune a kujerar ofis, hawa bakwai ba wasa ba ne. A na huɗu na yi addu'o'in da na sani, a na shida na yi alkawuran da har yau ban gama cikawa ba. Makulli ya ƙi shiga sai a karo na uku.

Ƙofar baranda a rufe take. Na ja labule. Ruwa ya kwanta a barandar har idon sawu, wani takalmin roba yana yawo a kai. Babu tire, babu teburin guga, babu takarda ko ɗaya.

Na tsaya riƙe da labule. Hankalina, wanda tun safe bai yi mini aikin kirki ba, ya ce iska ta kwashe duka. Har na buɗe ƙofa na leƙa titi ina neman fararen takardu, ruwa yana dukan fuskata. Sai wani ɓangare na kaina, mai ɗan sauran ilimi, ya ce iska ba ta ɗaukar teburin guga ta kuma rufe ƙofa ta sa sakata.

Ɗakin Hajiya ban taɓa shiga ba tun zuwanta. Ranar na yi sallama a ɗakin da na san ba kowa, na tura. Tire huɗu suna jere a kan gado, an lulluɓe su da farin mayafi. Teburin guga yana jikin bango da nasa tarin. Kofuna da cokula kowanne yana inda muka sa shi, har murfin tukunya. Na ɗaga gefen mayafin da yatsa biyu saboda hannuna a jiƙe yake. Baƙar tawada, jan wasali, ɗigon rawaya, komai garau, a bushe ƙamas.

Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa, na yi hamdala ban san adadi ba, sannan na kira matata a waya. Na ce, "Yana ciki. A kan gado." Na ji ta ja numfashi, na ji ta ce, "Iya!" da wata murya wadda rabinta kuka rabinta faɗa.

Sai bayan la'asar aka kunna lif suka hau. Na sa ruwan shayi, na tarar babu kofi ko ɗaya a kicin, duk suna bakin aiki. A kofin roba na awon shinkafa na kai wa Hajiya. Ta zauna ta miƙe ƙafar da ta kumbura, yanzu na san dalilin kumburin. Tire huɗu da tebur, tsohuwa mai ciwon gwiwa, cikin minti ashirin.

"Iya, don Allah," in ji matata, "sa'a uku muna mutuwa a mota, ba za ki ce kin kwashe ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

"To ba ki ga halin da muke ciki ba?"

"Na ga Malam yana ta fama da sitiyari, na ɗauka motar yake ji wa. Sabuwa ce." Ta kurɓi shayi. "Kuma Malam ya riga ya yi magana da safe. In ce na kwashe, ai na ce maganarsa ba ta zauna ba. A gabanki kuma."

Na dubi matata. "Ki tambayi Hajiya yadda aka yi ta sani."

"Tana jinka ai."

"Ki dai tambaya."

Hajiya ta ajiye kofin, ta fuskanci 'yarta kamar ba ni a ɗakin.

"Ni ban san gabas da yamman garin nan ba, gine-gine sun rufe. Amma ranar da kuka kai ni bakin teku na lura ta inda muka bi, na san ruwan yana wancan gefen." Ta nuna baranda da haɓa. "Yau da na tsaya, iskar daga can take zuwa, da sanyi-sanyi, tana ƙarni. A garinmu ba ma tambayar gabas ko yamma. Muna tambayar ta kan ruwa ta biyo ko ta kan tudu. In ta kan Chadi ta biyo da wannan ƙarnin, ba mai barin kifinta a shanya. Mu can ruwan yana gabas da mu. Nan kuwa na ga an ajiye shi a yamma."

"To me ya sa kika bari muka shanya tun farko?"

"Yana buƙatar iskar. Ya sha ta sa'a biyu, ta ishe shi. Kuma walahar na yi ta, kada a ce na yi ƙarya. Raka'a biyu."

Na gane shi nan take. Darasina ne, na aji biyu, zango na biyu, wanda na koyar sau goma sha ɗaya. Tafki, kibiya, gaɓa. Abin da na yi shi ne na ɗauko gabas ɗin Kano a aljihu na zo da shi, ban taɓa tsayawa na duba ta ina aka ajiye ruwa a garin da nake ba.

Muka sake alwala muka mai da Alƙur'anin. Hajiya tana karɓar izu ɗaya bayan ɗaya, tana duba kalmar kusurwa, tana haɗawa da na gaba. Sittin cif. Da aka zo ɗaure gafaka sai ta ce wa 'yarta yatsunta sun gaji, a ba Malam ya ɗaure, hannunsa ya fi ƙarfi. Ban taɓa riƙe ta ba sai ranar. Na ɗaure a hankali, na miƙa wa matata, ta miƙa mata, duk da hannuna ya fi kusa.

Da yamma aka riƙa yawo da hotuna a waya, wai a kan duwatsun arewacin ƙasar ƙanƙara ta zuba har ƙasa ta yi fari. Matata ta nuna wa Hajiya. Ta duba, ta ce kamar an zubar da gishiri, ta tambaya ko nan ma akwai ruwa kusa. Matata ta ce a tambayi Malam. Na ce akwai, har ta gefe biyu. Hajiya ta gyaɗa kai, ta ce wa 'yarta, "Ai ka ji. Malam ya sani."

Ranar Litinin Alhaji ya zo ofis da mutum uku don su taya shi dariya, na ba su lokaci suka gama. Da suka fita na juya bayan wata takardar kwantena da ta lalace, na zana teku a hagu, na ja kibiya ta ratsa samansa, na zana dogon gini a dama da 'yar baranda a hawa na bakwai. Na sa a aljihu na manta. Matata ta tsince ta wajen wanki, ta sa mata maki biyu cikin goma da jan biro, ta rubuta "a ƙara ƙoƙari" a ƙasa, ta manna a ƙofar firji. Hajiya ta koma Kano da gafakarta a cinya. Takardar tana nan har yanzu, kuma an hana ni cirewa.